Daga Minesota zuwa Ontariyo: Neman Wolai da Maski a Tafkin Tsibirai

Tun cikin hunturu aka fara maganar tafiyar nan, lokacin da ƙanƙara ta daskarar da tafkunan jihar Minesota ta Amurka har motoci suna hawa kansu. Wani dattijon Bature da muke aiki tare ne ya kawo ta. Yana da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, kuma tun yana yaro mahaifinsa ke kai shi Kanada kamun kifi. Ya ce duk abin da muke yi a tafkunan kusa da Miniyapolis wasan yara ne, in muna son mu ga kifi sai mun tsallaka iyaka. Kifi biyu ya ambata, waɗanda ake rubutawa walleye da muskie, mu kuwa wolai da maski muke cewa. Na farko don ci ake nemansa, na biyu don suna.

Na tuntuɓi Alhaji, mutumin Yawuri da ya daɗe yana tuƙa babbar mota a Amurka har ya zama ɗan ƙasa. Ɗan Sarkawa ne, a cikin kwalekwale ya buɗe ido. Kafin in rufe baki ya ce a sa da shi.

Wurin da muka zaɓa shi ne Lake of the Woods, tafkin da Minesota da lardunan Ontariyo da Manitoba na Kanada suka yi tarayya a kansa, mai tsibirai fiye da 14,000. Masaukan masunta a can mako-mako suke bayarwa, daga Asabar zuwa Asabar, kuma wanda bai ba da kafin alƙalami tun watan Janairu ko Fabrairu ba, da wuya ya samu ɗaki mai kyau a bazara. Lokacin tafiyar ma doka ce ta yanke mana shi. A yankin ana buɗe kamun wolai ranar Asabar ta uku ta watan Mayu, maski kuwa sai Asabar ta uku ta Yuni. Tunda duka biyun muke so, muka tsayar da farkon Yuli.

Mu biyar muka fara lissafi, mu uku muka tafi, kuma takardu ne suka zubar da biyun. Ƙanin matata ɗalibi ne, da bizar karatu yake zaune a Amurka, saboda haka fasfonsa na Nijeriya yana buƙatar bizar Kanada daban, ga jarrabawa a gabansa, sai ya haƙura. Ɗayan kuma abokin Baturen ne, wanda aka taɓa kamawa yana tuƙi a buge shekarun baya. A Kanada wannan babban laifi ne, ana iya juyo da mutum daga bakin iyaka a kansa ko da abin ya daɗe, sai in ya nemi izini na musamman tun da wuri. Ni nawa ya zo da sauƙi: mai katin zaman dindindin na Amurka ba ya buƙatar biza, fasfonsa mai rai da katin kawai zai nuna.

Lasisi ta intanet muka saya. Ontariyo tana buƙatar abu biyu: katin masu shiga daji da ruwa, wanda ke aiki shekara uku kuma kuɗinsa bai kai dalar Kanada 10 ba, sai lasisin kamun kifin kansa. Baƙi suna da na kwana takwas, iri biyu. Babba ya ba ka damar riƙe wolai huɗu, ƙarami mai rahusa ya tsayar da kai a biyu kuma bai yarda ka riƙe maski ko ɗaya ba. Babban muka yanka, wajen dalar Kanada 55 kowa. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar da aka buga mana.

"Malam, huɗu a rana ko huɗu a awa?"

Na ce huɗu gaba ɗaya, har da wanda ke cikin firiza. Wanda ka soya ka ci a tsibiri ma yana cikin lissafin wannan ranar. Ya ce to shi ke nan, ya naɗe takardar ya sa a aljihu, amma fuskarsa ta nuna maganar ba ta mutu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka kama hanya, jirgin yana ɗaure a tirela a bayan motar Baturen. Babbar hanya mai lamba 35 muka bi zuwa Cloquet, daga nan muka hau ta 53 ta cikin garin Virginia da yankin ma'adinan ƙarfe. Tafiyar wajen awa biyar ce, daji ne kawai da tafkuna, sai barewa jefi-jefi a gefen titi. A International Falls muka kwana, garin da ke alfahari da cewa ya fi ko'ina sanyi a ƙasar. Dalilin kwanan kuwa shi ne layi. Tunda yawancin masaukai ranar Asabar suke sauya baƙi, da hantsi motoci masu jan jirage kan yi jerin gwano daga gada har cikin gari. Muna idar da asuba muka tafi, motoci kaɗan muka tarar a gabanmu.

Gadar da ke kan kogin Rainy ta ba ni mamaki. Na yi tsammanin wata ƙasaitacciyar gada tsakanin manyan ƙasashe biyu, sai ga tsohuwar gada matsattsiya da ta bi ta gindin masana'antar takarda, ga layin dogo, ga manyan bututu a gefe. Ana biyan kuɗin hawa in za a shiga Kanada. Kafin ka gama kallo ka isa Fort Frances.

Jami'ar da ke tagar ta karɓi takardunmu ta shiga jero tambayoyi: ina muke zaune, ina za mu, wane masauki, yaushe za mu fito. Sannan bindiga, barkonon fesawa, wiwi, taba, itacen wuta, da abin sa wa ƙugiya. Wannan na ƙarshen ba wasa suke yi da shi ba. An hana shiga Ontariyo da ƙananan kifayen da ake sa wa ƙugiya ko matsattsaku, don kada a shigo da cuta ko wata halitta da ba ta ruwansu ba. Itacen wuta kuma saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. Kilishin da aka aiko wa Alhaji daga gida tun a Miniyapolis muka bar shi, domin nama irin wannan ba ya tsallaka iyaka. Da ta zo kan giya muka ce babu, sai ta ɗago kai ta dubi jirgin, ta sake dubanmu, ta maimaita tambayar. Baturen ya yi dariya ya ce wannan karon da Musulmi yake tafe. Aka ce mu ajiye mota mu shiga ciki saboda fasfona, aka duba kwamfuta, ba a jima ba aka miƙo mini kayana da fatan alheri. Wani jami'in ya leƙa jirgin ya tabbatar an cire toshiyar da ke ƙasansa kuma babu ruwa ko ciyawar wani tafki a ciki.

Daga nan komai ya sauya ma'auni. Mil ya koma kilomita, galan ya koma lita, kuma fetur ya fi na Amurka tsada, shi ya sa muka cika tanki da jarkokin jirgi kafin mu hau gada. A kanti farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, akwai harajin kashi 13 a kai. Muka sha shayi a Tim Hortons, muka yi yamma zuwa Emo, sannan arewa a hanya mai lamba 71. Gonaki suka ƙare, ƙasa ta koma dutse zalla, titin yana ratsa duwatsun da aka fasa da nakiya. Bayan awa ɗaya da 'yan mintoci muka isa Nestor Falls, kusa da garin 'yan asalin ƙasar na Onigaming. A wani shago muka sayi ƙananan kifaye da matsattsaku, mai shagon ya ce mu adana rasit, ma'aikatan gandun daji suna tambaya.

Masaukin gidan katako ne a bakin ruwa, ɗaki biyu da kicin da baranda mai ragar sauro. Dalar Amurka 1,500 muka biya na makon, mu ke dafa wa kanmu. Waya sai ka hau wani tudu take kamawa. Mai gidan ta gargaɗe mu kada mu bar shara ko tukunya a waje da dare saboda dabbar beyar.

Sauron wurin ya isa a ba da labarinsa. Ba ya ɗauke da zazzaɓin maleriya, amma yawansa ya wuce misali. Rana na faɗuwa za ka ji ƙugin daji gaba ɗaya ya tashi, in ka fito alwala kafin ka wanke ƙafa an gama da wuyanka. Ga kaska a cikin ciyawa, kullum da dare sai mun duba jikinmu. Lokutan salla ma suka rikita mana barci. Rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, shafaƙi ya ƙi ɓacewa har sha ɗaya ta gota, kafin ƙarfe huɗu kuma gari ya fara haske. Rangwamen matafiyi ne ya cece mu, muna haɗa magariba da lisha mu kwanta. Azahar da la'asar yawanci a kan falalen dutse muke yi a tsibiri, muna fuskantar arewa maso gabas.

Ranar farko muka ɗauki ɗan jagora, kuma duk kuɗin tafiyar babu wanda ya kai wannan amfani. Dala 450 ne ban da tukuici. Mutumin ɗan ƙabilar Anishinabe ne, kakanninsa na cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da Turawa a 1873 a gaɓar wannan tafki. Ba mai yawan magana ba ne. Tafkin kuwa ba ya kama da tafki, ya fi kama da unguwa mai lunguna. Ka zagaya tsibiri ka tarar da wani irinsa sak, kuma ƙarƙashin ruwan akwai duwatsu da ke jiran farfelar inji. Shi ko taswira ba ya kallo. A wani lungu ya rage gudu ya nuna mana jajayen zane-zane a jikin dutse waɗanda mutanen zamanin dā suka yi, ya ajiye ɗan garin taba a tsaguwar dutsen, muka wuce ba wanda ya ce uffan.

Kamun wolai aikin natsuwa ne. Idonsa fari-fari ne kamar gilashi, yana tara haske, shi ya sa ya fi son zurfi da duhun gajimare da ranar da iska ke kaɗa ruwa. A Yuli yakan taru a kan tudun duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, zurfin ƙafa 15 zuwa 25. Ƙugiyar tana da ɗan kan darma, ka soke ƙaramin kifi a jiki, ka sake ta har ta taɓa ƙasa, ka riƙa ɗagawa kaɗan kana saukewa. Ba ya fizga. Nauyi kawai za ka ji, kamar zaren ya kama tsumma, to a nan ake ɗaga sanda. Ni sai da na ciyar da su da yawa kafin hannuna ya gane. Alhaji kuwa, da bai taɓa riƙe irin wannan sanda mai ƙwarƙwaro ba sai a Amurka, ya ɗora yatsa a kan zaren ya rufe ido, kafin hantsi ya fi kowa. Ɗan jagoran ya dube shi ya ce wannan ba yau ya fara ba. Kowane kifi sai an ɗora shi a kan ma'aunin da ke manne a jirgi, domin tsawon da aka yarda a riƙe yana cikin littafin doka kuma yakan bambanta daga tafki zuwa tafki. Matsakaita muke ajiyewa, manya su koma ruwa, su ne matan da ke zuba ƙwai.

Da rana ta take muka sauka a wani tsibiri don abincin da ake yi a bakin ruwa, wanda al'ada ce a can. Tun da safe na yi wa ɗan jagoran bayanin abin da ba ma ci, kuma gara da na yi, domin yawanci da kitsen alade ake suyar, waken gwangwanin ma akwai naman alade a ciki, wasu kuma da giya suke kwaɓa fulawar. Mun zo da man gyaɗarmu da wakenmu. Ya hura wuta tsakanin duwatsu, ya fere kifin cikin ƙiftawar ido, tsoka biyu fari fat ba ƙaya, ya soya da dankali da albasa. Alhaji ya zaro ƙullin yajin ƙuli daga aljihu ya barbaɗa. Wolai ba shi da ƙarni, tsokarsa tana ɓarewa sala-sala, kuma wanda ya fito daga ruwa awa ɗaya da ta wuce ba a haɗa shi da na kanti. Ɗan jagoran ya ɗanɗana yajin, ya yi tari har da hawaye, sannan ya miƙo farantinsa a ƙara masa. Kayan cikin da ya zubar a kan dutse kuwa, kafin mu tashi wata gaggafa mai farin kai ta sauko ta kwashe, ƙwasaƙwasai na shawagi daga nesa.

Maski wani sha'ani ne daban. Turawa suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sandar doguwa ce mai kauri, abin yaudarar da ake jefawa wani ya kai tsawon takalmin babban mutum, an yi masa gashi da faranti mai juyawa. Ana sa waya a bakin zaren saboda haƙora. Alhaji da ya ga hoton bakinsa ya ce wannan ai ɗan'uwan tsage ne. A tsaye ake yini, ka jefa gefen ciyawa ko gindin dutse, ka naɗo da sauri, ka sake jefawa. Kafaɗa ta yi tsami, tafin hannu ya yi kanta. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne halinsa na bin abu ba tare da ya kama ba. Saboda haka duk jifa in ta iso jirgi ba a cirewa, sai ka nutsa bakin sandar a ruwa ka zana lamba 8 da faɗi, ko da ba ka ga komai ba. Ni sau da yawa ina zanawa ina jin kunya, kamar mai dama kunu a tafki. Sai wata yamma na ga inuwa doguwa mai launin kore ta biyo abin nawa har gindin jirgi, ta tsaya, ta kalle ni da ido ɗaya, ta nutse a hankali. Gwiwoyina sun daɗe suna rawa. Iyakar rabona da maski ke nan a wannan tafiya.

Rabon na Alhaji ne. Ana gobe za mu taso, hadari ya haɗo daga yamma, iska ta sauya, Baturen ya ce irin wannan lokacin suke so. A kan lanƙwasa ta biyu ta lamba 8 kifin ya kama, nesa da jirgi bai fi kamu ɗaya ba. Ruwa ya fashe, sandar ta lanƙwashe, Alhaji yana salati da ƙarfi yana ja da baya. Faɗan bai daɗe ba, da gangan ake yin kayan da ƙarfi don kada kifin ya galabaita. Muka tura shi cikin wata ƙatuwar koma, a cikin ruwan muka bar shi, Baturen ya cire ƙugiyoyin da doguwar filaya, ɗaya da ta shige sosai ya datse ta. Aka auna: inci 44. Doka a wannan tafki ta ce sai ya haura inci 54, wato santimita 137, kafin a riƙe shi, kuma ko ya kai ɗin kusan babu mai riƙewa.

"Alhaji, ɗauke shi a kwance, ka tallafi cikinsa, in yi maka hoto mu mayar."

"Mu mayar ina?"

"Ruwa."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Malam, Allah ya ba ka arziki har cikin hannu, ka ce a'a? A Yawuri in na yi haka sai a kai ni ruƙiyya."

Amma ya mayar. Ya durƙusa ya riƙe wutsiyar a cikin ruwa har kifin ya dawo hayyacinsa, ya bugi hannunsa ya tafi. Daren nan bai ci abincin kirki ba, sai can a baranda ya buɗe baki. Ya ce yana yaro, bayan an gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cika, mahaifinsa kan kamo giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Daga baya kowa ya shigo, idon raga ya yi ta ƙanƙancewa har aka kai ga masu jan taru mai ido kamar gidan sauro, suna kwashe uwa da 'ya'ya. Zuwansa na ƙarshe, abin da ya gani a kasuwa ana bandawa, a da yara ake bar wa. Ya ce kuma ba wai ba mu san hani ba ne. A Argungu ai ana rufe Matan Fada ba mai jefa koma sai ranar biki, Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa ake fito da kifi mai kilo saba'in da ɗoriya. Na ce to ai abin da waɗannan suke yi ke nan. Ya ce a'a, akwai bambanci: wanda ya mayar da kifi a nan ya san akwai nama a firijinsa, masuncin Yawuri kuwa in ya mayar, da me zai shiga gida? Ban sami amsar da zan ba shi ba, Baturen ma da na fassara masa sai ya gyaɗa kai kawai.

A tsakiyar makon, ranar da iska ta hana fita, mun leƙa Kenora a arewacin tafkin, inda aka kafa gunkin maski mai tsawon ƙafa 40 tun 1967. Hoto muka yi muka sayi burodi muka juyo.

Shirya kifin dawowa ma da ƙa'idarsa. Ana barin ɗan yankin fata a jikin kowace tsoka don a gane irin kifin, kuma kowane kifi a ledarsa, a shimfiɗe, yadda za a iya ƙirgawa ba sai an narkar da ƙanƙara ba. Muka sauya hanya don guje wa layi, muka bi ta garin Rainy River muka tsallaka zuwa Baudette, inda gadar sabuwa ce kuma ba a biyan ko sisi. Jami'in Amurka ya tambayi abin da muka sayo, ya buɗe kula ya ƙirga leda goma sha biyu, ya duba lasisinmu, ya ɗaga mana hannu.

A hanya muka yi lissafi. Masauki, ɗan jagora, fetur na mota da na jirgi, lasisi, abinci da kwanan International Falls, kowa ya tashi da kusan dala 1,000. Da muka sauke Alhaji a ƙofar gida, Hajiya ta fito ta karɓi ledojinsa huɗu, ta jujjuya su, ta tambayi ina babban da aka turo mata hotonsa. Ya ce yana can ya bar shi ajiya. Ta tambayi nawa aka kashe, ya faɗa mata.

"Wato kowane ɗaya dala 250 ke nan," in ji ta. "Malam, baɗi in za ku koma ku ba ni kuɗin, ni zan sayo muku kifin."